Ƙwanƙwasa Biyu

Idan ka ga mutum ya fito ƙofar shago ya leƙa titi, ya koma ciki, ya sake fitowa kafin ka gama ɗaure igiyar takalminka, to Mai Gilashi ne. Shekarunsa hamsin da bakwai, amma babu wanda zai rantse ya taɓa ganinsa ya shanye kofin shayi a zaune. Matarsa ta ce ranar da ta raka shi asibiti saboda hawan jini, sai da likita ya ajiye biro ya ce, "Malam, ko dai ka zauna ko ka tsaya, ka sa ni jiri." Wuri biyu kawai jikinsa ke natsuwa: lokacin da ya ɗora rula a kan gilashi zai ja layi, da lokacin da ya riƙe kati a hannu.

Shagonsa dogo ne siriri, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Gilasan taga suna jingine da bangon hagu, kowane kauri da layinsa, madubai kuma a dama, sun juya wa mutane baya don kada wani ya goga musu kaya a fuska. A tsakiya teburin yanka yake, ya cinye rabin ɗakin, an lulluɓe shi da koren bargo an kafe da ƙusoshi ta ƙasa. A nan yake kwantar da gilashi, ya ja layi sau ɗaya tak da ɗan ƙarfen yanka, ya zura yatsa ta ƙasa ya ƙwanƙwasa sau biyu, gilashin ya rabe ɓas. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki, kuma yatsunsa goma cif suke, abin da yake yawan tuna wa mutane ko ba su tambaya ba.

Kati kuwa tsautsayi ne ya haɗa su. Yana ɗan shekara talatin da biyu wani direban bas ya shigo da kati guda ɗaya a cikin leda, ya ce a yi masa firam. Mai Gilashi ya juya katin gaba da baya, ya ga zanen wani dodo mai fukafukai da ɗan rubutu a ƙasa, ya ce, "Mutane suna kawo hoton iyayensu, kai ka kawo na ƙadangare?" Direba bai yi fushi ba. Washegari ya dawo da katuna cike da aljihu biyu, ya baje su a kan koren bargon, ya ce a gwada hannu ɗaya kawai. Rannan wata mata ta jira gilashin tagarta har ta gaji ta tafi wani shagon.

Ga wanda bai sani ba, wannan ba karta ba ce, ko da yake dangin matarsa sun shekara goma kafin su yarda ba caca yake yi ba. A ƙunshe ake sayen katunan, ba ka san abin da za ka tarar ba sai ka yage ledar. Kowa ya tara nasa, ya yi musaya da abokai, ya zaɓi arba'in ya haɗa abin da suke kira dami. Mutum biyu ke zama, kowa da rai talatin, ana yi layi-layi, wanda ya ƙarar da ran ɗan'uwansa shi ya ci. Kowane kati da aikinsa a rubuce a jikinsa, kuma akwai waɗanda ba sa aiki sai mai su ya tuna ya faɗa da baki a farkon layinsa, kafin ya zari sabon kati daga dami. A nan mutane ke zamewa, don mutum yana can yana ƙulla yadda zai kai hari, sai ya manta da abin da ke gaban hancinsa.

Tun daga wannan shekara, duk Asabar da ƙarfe biyu Mai Gilashi zai share ɓarɓashin gilashi daga bargon, ya jawo bencina. A lokacin da abin ke tashe, mutum ashirin ke cika shagon, wasu a tsaye, wasu a kan akwatin madubi suna shan faɗa. Gasa ce, amma ta gida. Babu agogo, babu rajista. Wanda katin da yake so ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya yanko kwali ya zana da biro. Direba yana da wani zaki da ya zana da hannunsa wanda kowa ya rantse akuya ce. Wanda ya zo na ɗaya a rubuta laƙabinsa da farin fenti a guntun madubi a rataye, wanda ya zo na ƙarshe ya wanke kofuna. Doka ɗaya ce maigidan ba ya wasa da ita. Idan mutum ya manta da aikin katinsa, duk wanda ya gani, ko da abokin karawarsa ne, sai ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu. Ba a magana, ba a nuni, mai mantuwar ne zai duba gabansa ya gano da kansa.

"Ni ban zauna don in ci mantuwar mutum ba," yakan ce. "Dabararsa nake so in ci."

'Ya'yansa uku. Manyan biyu maza sun gwada suka ce ciwon kai ne, suka koma ƙwallo. Auta ce ta maƙale. A jikin katunan ta fara haɗa baƙi tun kafin makaranta ta koya mata, tana shekara goma sha huɗu ta lallasa ubanta sau uku a jere, shi kuwa ya fita titi yana ba mai wanki labari kamar shi ya ci. Yanzu shekarunta ashirin da shida, tana gwajin jini a asibiti, tana zaune a ɗakin haya kusa da wurin aikinta. Duk gaggawar uban ba ta gado ko ɗaya ba. Idan tana wasa, ba ka ganin komai na motsi a jikinta sai idanu.

Shekara uku da suka wuce, kamfanin da ke buga katunan ya fara shirya tasa gasar a garin, a wani zaure da ke hawa na biyu a saman wani babban kanti. Akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai fararen fitilu, kowane ɗan wasa da lambarsa, alƙalai da rigarsu iri ɗaya, agogo ƙato a bango. Ana tara maki a kwamfuta, kuma a ƙarshen shekara mutum biyu ke samun kujera a babbar gasa da ake yi a wata ƙasa. Katin kwali ko ƙofa ba ya shiga. Sannan, don a ƙona wa Mai Gilashi rai, haka dai shi ya ɗauka, suka sa ta ranar Asabar da ƙarfe biyu.

Wanda ya fara zamewa shi ne Dogo, wani malamin makaranta da ya haddace dokokin wasan kaf, ya je ya ci jarrabawa ya zama alƙali a can. Sauran suka bi ɗaya-ɗaya, kowa da uzurinsa. Kuma a faɗi gaskiya, ba wanda ake zalunta a zauren. A can ba a kwashe rabin awa ana musu a kan ma'anar layi ɗaya na rubutu, ba a jiran wani ya gama amsa waya, kuma idan ka ci, ka san an rubuta a inda za a gani. Amma je ka gaya wa Mai Gilashi haka, ka ga yadda zai bi ka har bakin titi da bayani. Kafin shekara ta zagayo, mutum huɗu suka rage, ban da Auta: shi, Direba, mai wanki, da wani tsohon ma'aikacin gidan waya da ke gyangyaɗi a tsakiyar layinsa.

Bai iya haƙura ba, bai kuma iya sauyawa ba. Ya mayar da tasa gasar Lahadi, bayan mako biyu girman kai ya dawo da ita Asabar. Ya aika aka karɓo masa takardar neman rajista, ya karanta har shafi na biyu inda aka hana katin hannu aka kuma hana 'yan kallo motsi, ya naɗe gilashin wani da ita. Duk Asabar yana jawo bencina huɗu alhali ɗaya ya isa, yana zirga-zirga tsakanin tebur da ƙofa, duk babur da ya rage gudu sai ya leƙa.

Da farko Auta ta raba ƙafa, mako guda can, mako guda nan. Wata Asabar tana karawa da mai wanki, ya manta da katinsa, Direba ya ƙwanƙwasa masa, wasan ya juye ta sha kashi. Tana tattara daminta ta ce, cikin dariya ma ta faɗa, "A can da tuni na ci."

Mai Gilashi yana bakin ƙofa ya juyo. "To ki koma can ɗin mana. Ki koma inda ake zuba wa mutum ido ya yi tuntuɓe a taka shi."

Ta rufe akwatinta, ta gaishe da Direba, ta fita. Shekara biyu ke nan ba ta sake zama a teburin ba. Ba gaba suke yi ba. Tana zuwa gida, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗaura masa abin awon jini a dantse, ta yi masa faɗa a kan gishiri. Amma ko da wasa ba ta ambaton kati, shi ma ya kasa. Kewarta ke cinsa, kuma ba ta sauran da suka tafi ba, tata ita kaɗai. Yana so ya sake ganinta a ɗaya gefen bargon tana kallonsa da idanun nan, tana jira ya faɗa ramin da ta haƙa masa. Matarsa ta gaji da tsakin da yake ja a gida, ta ce, "Baban Auta, kai ka kore ta da bakinka. Ka je ka ɗauko ta da ƙafarka, ka bar mu mu sha iska."

Bai je ba. Ita ce ta zo, wata Laraba da safe, da rigar aikinta a ninke a hannu. Ta tsaya daga bakin ƙofa har ya gama jan layin da ya fara.

"Baba, Asabar ɗin nan ce ta ƙarshe a shekara. Wanda ya kai wasan ƙarshe ya samu kujera. Sau biyu ina zuwa ta uku. Idan bana ma ban samu ba, ban san ko zan sake ba, na gaji."

"Allah ya ba da sa'a," ya ce, yana goge rular da babu komai a jikinta.

"So nake ka zo ka gan ni. Sau ɗaya. Ka zo, ni kuma Asabar ta sama zan zo in zauna a nan, ka tanadi wanda zai wanke kofuna."

Ya sha mur don kada ta gane daɗin da ya ji. "To, in ba ni da aiki."

"Amma Baba, ka ji ni da kyau. A can ɗan kallo ba ya motsi. Ko ka ga na manta da kati, ko ka ga zan faɗa rami, kada ka yi komai. In ka taimake ni, ni za a kora, ba kai kaɗai ba."

"Yaro kika mayar da ni? Na ji."

Kwana uku ya yi yana horar da kansa. Ya sa Direba da mai wanki su yi wasa da rana tsaka, Direba ya zama Auta yana mantuwa da gangan, shi kuma ya tsaya a bayansa hannu biyu a aljihu yana cizon leɓe. Matarsa ta ce ko ta kawo allura ta ɗinke aljihun da hannun a ciki, kowa ya huta.

Ranar Asabar ya rufe shago tun ƙarfe ɗaya, karo na farko a shekara ashirin da biyar. Ya hau matakalar kantin yana haki, ya tarar da tebura jere-jere, mutum sittin da huɗu, amma shiru kamar ɗakin jarrabawa. Ba ka jin komai sai ƙarar kati a kan kati da hucin na'urar sanyi. An ja igiya ta raba 'yan kallo da 'yan wasa. Fuskoki da yawa ya sani, 'yan teburinsa ne na da, wasu suka ɗaga masa hannu a kunyace, wasu suka yi kamar suna duba daminsu. Dogo ya zo da rigar alƙalai ya rusuna ya gaishe shi, ya nuna masa kujera. Bai zauna ba. Ya je ya tsaya kusa da wata kantar gilashi da aka jera katuna masu tsada a ciki, ya shafa gefenta da babban yatsa, ya ce a ransa wanda ya yanka wannan bai goge bakin ba.

Sai ya fara kallon 'yarsa, ya manta da kantar gilashin. Ta fi yadda ya bar ta nesa ba kusa ba. Ta koyi jira, ta koyi barin mutum ya ɗauka yana gaba. A zagaye na uku ya ga ta manta da wani kati da ke gefen hagunta. Hannunsa ya zabura a cikin aljihu, ya damƙe zaren rigar har farcensa ya shiga tafinsa, gumi ya keto masa duk da sanyin ɗakin. Ta zari kati, damar ta wuce, kuma duk da haka ta ci. A zagaye na huɗu ta sake, ya sake daurewa. Ya ji daɗin kansa ƙwarai, har ya fara tsara yadda zai ba matarsa labari. Ya ma gano dabara: da layi ya zo kan Auta sai hannu ya shiga aljihu, da ya koma kan ɗayan sai ya fito ya sha iska.

Wajen ƙarfe biyar da rabi mutum huɗu suka rage. Aka kawo teburinta gaba, taku uku daga igiyar. Abokin karawarta wani siririn mutum ne mai tabarau, baƙo daga wani gari. Kowa ya ci ɗaya, ana na raba gardama. Mai Gilashi ya duba teburin ya karanta shi sarai. Ran mai tabarau uku ya rage. Auta tana da mayaƙa a gabanta da za su cire huɗu a layinta na gaba. Amma mai tabarau yana da wani kati a ajiye da ake kira Rijiya, wanda ke ƙara masa rai biyu a farkon kowane layinsa, in ya tuna ya faɗa. In ya faɗa, ya koma biyar, ya tsira. In ya manta, Auta ta samu kujerarta.

Layi ya zo kan mai tabarau. Idonsa na kan katunan hannunsa, leɓensa na motsi yana lissafi, agogo na cinsa. Bai kalli Rijiya ba. Ya miƙa hannu zuwa daminsa zai zara.

Hannun Mai Gilashi na dama yana waje, a kan kantar, don ba layin Auta ba ne. Bai yi shawara da kowa ba, bai ma yi da mai shi ba. Yatsan ya lanƙwashe ya sauka a kan gilashin sau biyu.

A shago, bargo ke shanye ƙarar. A nan gilashi ne tsirara a cikin ɗakin da ko tari ba a yi, sai ta tashi ƙal-ƙal har bangon ƙarshe. Mai tabarau bai san ma'anarta ba, bai taɓa taka shagon ba. Firgita kawai ya yi, hannunsa ya tsaya a iska, ya ɗago kai, ya mayar da ido kan tebur, ya gani.

"Rijiya," ya ce da sauri. "Rai biyu."

Auta ba ta juyo ba. Ba ta buƙatar juyowa, a cikin wannan ƙarar ta girma. Wuyanta kawai ya ga ya sandare. Rabin 'yan kallon ma sun san ƙarar, sai kallon-kallo ake, wani ya dafe kai.

Dogo ya ɗaga hannu ya tsayar da agogo. Ya yi wa mai tabarau tambaya biyu a hankali, ya tabbatar bai san dattijon ba, bai nemi taimako ba, kuma bai riga ya zari kati ba. Ya ce rai biyun sun zauna. Sannan ya tako zuwa igiya, ya sassauta murya yadda su biyu kawai za su ji.

"Baba, ko hannunka ne ya bugi kantar bisa kuskure?"

Ƙofa ce ya buɗe masa, kuma Mai Gilashi ya gan ta. Ya ce, "Ka san ko mene ne, Dogo. A gabana ka koya."

"To ka yi haƙuri, Baba. Dole in raka ka waje."

Ya sauka matakalar shi kaɗai, don a hawa na farko ya ce wa Dogo ya koma bakin aikinsa. A ƙasa ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya je bakin titi ya dawo, ya zagaya motocin da aka ajiye, ya sa ƙafa a matakala ya janye. Ya gaya wa kansa ai Auta ce, za ta samo wata hanya, ya gan ta ta fita daga ramin da ya fi wannan. Ya sake lissafin sau goma ko zai fito daban, bai fito ba. Wani mai gadi ya tambaye shi ko wani abu ya ɓata masa, ya ce a'a.

Bayan kamar minti ashirin ta sauko, akwatin katinta a hannu. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Da rai ɗaya ya tsira," ta ce. "Layi na gaba ya gama da ni."

"Auta, wallahi ban san lokacin da na yi ba. Hannun ne kawai. Bari in hau in gaya musu laifina ne, a sake wasan, ni a hana ni shiga har abada."

"Ba a sakewa, Baba. Mutumin bai yi laifin komai ba."

Ta tsaya tana kallon motoci suna wucewa. Sannan ta ce, "Sau biyu na yi mantuwa yau. Ka gani?"

"Na gani. Zagaye na uku da na huɗu."

"Ka yi shiru."

"Ke kika ce in yi."

"Ni na ce, kuma na gode. Ka iya riƙe hannunka a kaina. A kan baƙon da ba ka taɓa gani ba ne ka kasa."

Kwana uku ya yi yana tsaron hannunsa kada ya taimaki 'yarsa, ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba cewa ɗayan ma zai iya mantuwa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," ta ce, ta juyo ta dube shi sosai. "Da ka riƙe hannun, na ci saboda ya manta, da ka yi murna da ni?"

Ya so ya ce e. Kalmar tana bakinsa, kuma ya san ita kaɗai ake nema a wurinsa. Zai iya ba da shagon da duk abin da ke ciki a dawo mata da kujerar nan. Amma da ya leƙa cikin ransa, can ƙasa, ya tarar da wani ɗan lungu da ya ji sanyi lokacin da mutumin ya ce Rijiya. Ya ji kunyar lungun, ya tsane shi, bai kuma iya cewa babu shi ba. Jinkirin bai fi na numfashi biyu ba, amma ita ce ta shekara goma tana karanta fuskarsa ta saman kati.

Ta gyaɗa kai. "Na gane. Kada ka jira ni Asabar, Baba."

"Auta."

"Zan zo gida in duba maka jini kamar kullum. Ka hau mota, kada ka tafi a ƙasa."

Ta juya ta hau matakala, don akwai takardar sakamako da ba ta sa wa hannu ba.

Bai hau mota ba. A ƙasa ya tafi, sauri-sauri kamar ana jiransa, ya wuce kwanar gidansu sai da ya dawo baya. Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana kwashe shanya kafin rana ta faɗi, mayafin gado a kafaɗarta. Tana ganinsa ta saki murmushi ta tako.

"Yaya? Ta samu?"

"Ba ta samu ba."

"Kai, subhanallahi. Baiwar Allah. Wa ya kayar da ita?"

"Ni," ya ce.